Sai-a-Hankali Mai Janwe

A bakin gareji Sai-a-Hankali ake ce masa, kuma waɗanda suka raɗa masa sunan ba yabonsa suke yi ba. Masu janwe, wato motocin da ke ɗaukar motar da ta mutu, mutane ne masu sauri. A kira su, su zo, su ɗaura sarƙa, su ja, su wuce gaba. Shi kuwa in ya iso sai ya kashe injinsa, ya sauko yana ɗan ɗingishi, ya zagaya motar da hannu a baya kamar likitan da ba ya son a katse shi. Abokan sana'a suka ce kafin ya gama zagaye ɗaya sun kai mota uku gida. Da sunan ya zo kunnensa bai yi fushi ba. Ya sa mai fenti ya rubuta shi a goshin motarsa da manyan baƙaƙe.

Dalilin motar ɗana na san shi.

Ɗana ma'aikacin asibiti ne, a ɗakin gwaje-gwaje. Da ya fara ɗaukar albashi, tsaransa na sayen babur da waya, shi sai ya sayi wata tsohuwar mota da ta girme shi nesa ba kusa ba, ƙarama, mai zagayayyun fitilu, wadda ta daina tafiya tun kafin ya shiga makaranta. Aka tura ta da hannu zuwa filin da ke bayan gidan da yake haya. Duk ranar hutu yana ƙarƙashinta. Ya sauke injin, ya wanke, ya jera sassansa a kwalaye. Bai kai ga mayarwa ba ciwo ya kama shi, bai daɗe yana jinya ba ya rasu. Na kwashe kayan ɗakinsa da kwalayen na kai gida. Motar kuwa na lulluɓe ta da tampol, na ci gaba da biyan kuɗin wurin, shekaru suka wuce a haka.

Sai aka sayar da gidan. Sabon mai gida ya aiko cewa zai gina ɗakuna a filin, magina za su fara haƙa a farkon mako. In motar tana nan har lokacin, zai kira 'yan gwangwan su yayyanka ta su kwashe. Bai faɗa da rashin mutunci ba, kuma yana da gaskiya, filinsa ne.

Matsalar ita ce hanyar da motar ta shiga ba ita ce hanyar da za ta fita ba. A shekarun da ta yi a ajiye, tsohon mai gidan ya gina shago a gaba, ya ci rabin mashigar, ya bar wani dogon lungu tsakanin bangon shagon da katangar maƙwabta. Wani tela ne ke haya a shagon.

Ƙanena, wanda ke taimaka mini da irin waɗannan hidimomi, ya ce, "Yaya, 'yan gwangwan su ne za su biya ki, su share miki wurin har tsatsar. Ke kuma kina neman wanda za ki biya?"

Na ce, "Gaba ɗayanta nake so, a gidana."

Mai janwe na farko da muka kira ya leƙa lungun, ya ce sarƙa zai sa ya ja daga bakin titi. Na ce tayoyin baya ba sa juyawa. Ya ce in dai ya ja, dole su biyo na gaba. Na biyu ya ce zai kawo mai ɗaga kaya a zura igiya ta tagogi a tsallakar da ita ta saman katanga, rufin zai ɗan lotsa amma ba abin da zai gagari mai gyara ba. Wani bakanike da ya san ɗana ne ya ce mu nemi Sai-a-Hankali. Ya ƙara da cewa, "Amma ki shirya, Malama. Ga tsada, ga nawa."

Ya zo da safe tare da abokin aikinsa, ƙanin matarsa, wani ƙato mai furfura a gemu da ake kira Rediyo saboda in ya fara surutu ba a kashe shi. Sai-a-Hankali ya yi mini gaisuwa, ya ce Allah ya jiƙan yaron, sannan ya ɗage tampol da kansa. Motar duk ta yi toka-toka da fentin farko, sai wuri ɗaya: fenda ta hagu, wato farantin da ke lanƙwashe a kan tayar gaba. Ita ɗana ya gama. Ya buge lotsewarta, ya yi mata fenti kore mai duhu, launin da yake son motar duka ta zama, ya mayar da ita ya ga yadda za ta fito.

Sai-a-Hankali ya zagaya, ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa ƙasa, ya girgiza kowace taya. Ya ciro wata tsohuwar igiya mai ƙulle-ƙulle daga aljihu, ya auna faɗin motar, ya je ya shimfiɗa ta a ƙasan lungun a baki da tsakiya da ƙarshe. Ya ce za ta wuce. Sannan ya faɗi kuɗinsa, wanda ya kusa ninka na mai sarƙa sau uku.

Ƙanena ya yi tsalle. "Haba Malam! Gidan nan fa ba wata ƙasa ba ce. Ko a ƙasa mutum ya tafi zai kai kafin azahar."

"Hanya ai kyauta ce, ranka ya daɗe," in ji shi. "In ka kawo mini ita bakin titi, kuɗin mai kawai zan karɓa. Daga nan zuwa ƙofa nake sayarwa."

Na tambaye shi me ke cikin kuɗin. Ya lissafa mini ba tare da ya ji haushi ba. Birkin hannu da aka ja shekaru ya manne, sai an warware shi. Tayoyi sun tsage, sai an nemo tib da zai riƙe iska ko na yini ɗaya ne. Akwai katakan da za a shimfiɗa a dakalin da ke tsakanin filin da lungun. Akwai kuma ayyukan da zai bari su wuce shi yayin da yake nan. Ƙanena ya nemi ragi, Sai-a-Hankali ya ce shi ba ya ragi, ba ya kuma ƙari. Na amince.

Yinin farko a kan tayoyin baya ya ƙare. Ya ɗaga motar da jak, ya cire taya, ya zuba kananzir, ya jira. Ya ɗora guntun katako a kan gangar birkin yana bugun katakon da guduma, ba ƙarfen ba, ya juya kaɗan, ya sake zubawa, ya sake jira. Ni ina zaune a kan bulo a inuwa, kuma a nan na ji tarihinsa, daga bakin Rediyo, don shi ba ya ba da labarin kansa.

Karen mota ya fara, yana wanke babbar mota yana kwana a kan kaya, har ya zama direba. Ya yi shekaru yana dogon zango. Wata rana da damina motarsa ta zame ta kwanta a gefen hanya a kan laka. Ba abin da ya same ta sai madubi guda, shi ma gwiwarsa kawai ta bugu. Janwe ya zo, aka ɗaura sarƙa inda aka ga dama, aka fizga. Yana tsaye yana kallo aka murɗe gatarin gaba, aka yage kan motar. Mai motar da ya ga abin da aka kawo masa bai yarda cewa zamewa ce kawai ba, ya sallame shi.

"Tun daga ranar," in ji Rediyo, "mijin yayar nan tawa ya ƙulla gaba da sarƙa. Ya yi ta tara kuɗi, yayata na ɗinkin hula tana ƙara masa, har ya sayi wannan akwalar mai shimfiɗaɗɗen baya. Ya ce shi ɗauka zai yi, ba ja ba. Da ja yake yi kamar kowa, Malama, da yanzu bene gare mu. Da ni ma na ƙara tumbi."

"In ka ƙara tumbi a ina za mu sa ka?" in ji Sai-a-Hankali daga ƙarƙashin mota. "Miƙo kananzir."

'Ya'yansa mata ne su huɗu, duk ya sa su makaranta da wannan motar. Babbar tana koyarwa, kuma ita ce ke yi masa faɗa ya daina shiga ƙarƙashin mota da wannan gwiwa. Ya ce mata zai daina ranar da ya ga wanda zai bar wa aikin hankalinsa kwance. Rediyo ya ce ga shi nan. Sai-a-Hankali ya ce shi ya sa har yanzu bai daina ba.

Kafin la'asar tayar hagu ta juya, da wani ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ta dama ta ƙi sai washegari.

Ranar fitarwa ita ce ranar ƙarshe da aka ba mu. Har shugaban magina ya zo da mutanensa suna auna filin suna buga turaku a gefe. Sai-a-Hankali ya tsayar da janwensa a bakin titi daidai lungun, ya warware wayar ƙarfe daga gangar da ke naɗe ta, ya ja ta har cikin fili, ya ɗaura a ƙashin motar ta ƙasa bayan ya naɗe wurin da tsumma. Ya shimfiɗa katakai a dakalin. Dole wani ya zauna a ciki ya riƙe sitiyari, sai Rediyo ya cusa kansa, gwiwoyinsa na taɓa haɓarsa.

Motar ta motsa. Na ga tayoyin gaba sun sauka dakalin, sannan na baya. Ta shiga lungun tana tafiya kamar ba ta tafiya. Sai-a-Hankali na gabanta yana ja da baya, abin sarrafa wayar a hannunsa, yana cewa, "Dama kaɗan. Kaɗan na ce, ba kwana za ka sha ba." Sun kai tsakiya sai ya tsayar.

A bangon shagon tela akwai taga, kuma an yi mata kejin ƙarfe da ya turo waje kamar tafin hannu. Kejin yana daidai tsayin fenda. Igiyar Sai-a-Hankali a ƙasa ta auna, kamar yadda ya saba aunawa tun da ya fara aiki, kuma a ƙasa lungun ya isa. A tsayin ƙugu ne bai isa ba. Koriyar fendar ta tsaya, tsakaninta da ƙarfen bai fi yatsa ba.

Baya ba ta komawa, don tayoyin sun riga sun sauka dakalin, waya kuma gaba kawai take ja. Ƙofofin motar ba sa buɗuwa a lungun, gilashin rabi kawai yake sauka. Rediyo ya leƙo da hancinsa.

"Mijin yaya, igiyar taka ba ta ga taga ba ne?"

"Tagar ce ta fito."

"Yau da safe ta fito? To ka gaya wa yayata a nan na tare. A kawo mini tabarma."

'Yan hayar gidan suka taru ta baya, ba hanyar fita. Wata mata da za ta kasuwa ta ce ita ba za ta hau kan mota da kwando ba. Muka je wurin tela, na roƙe shi a cire kejin, a mayar a yau, ni zan biya mai walda. Ya ajiye almakashi ya ce, "Malama, ki yi haƙuri. A cikin siminti yake, in an fasa ba zai bushe yau ba. Kekuna biyu gare ni a nan da kayan mutane. Sau ɗaya aka shigo mini ta tagar nan, shi ya sa kika ga ƙarfen." Ban ga laifinsa ba.

Shugaban magina ya ce shi gobe yashi zai shigo da shi ta lungun nan, ko da mota ko ba mota, kuma ya san mai injin yanka da zai zo yanzu. Ƙanena ya ja ni gefe. "Yaya, a ja kawai. Fenti ne zai kankare, ya ɗan lotsa. Ai gara ta fita da tabo."

Sai-a-Hankali ya ji. Ya ce, "Ni ba zan ja ba. In za a ja, a kwance wayata a kira wani."

"To ya kake so a yi?" in ji ƙanena. "Mu kwana a nan?"

Sai-a-Hankali ya karɓi tef ɗin awo a hannun tela, ya auna daga ƙarfen zuwa katanga, ya auna jikin motar a bayan fenda, ya auna ta baya. Sannan ya zo gabana. Ya ce motocin wancan zamani ba a narka musu fenda a jiki, da noti ake ɗaurawa. Na gaba sun fi na baya buɗewa, in an cire ta hagu sauran jikin zai wuce. Amma notin tsohuwar mota tsatsa ke cinye shi, yawanci sai an sa kurfi da guduma an sare, kuma a wuri matsattse haka ba zai yi alkawarin bakin farantin ba zai tanƙware ba.

"Na ga ita kaɗai ce mai fenti," ya ce. "Na san hannun wa ya ɗaura ta. Shi ya sa ba zan taɓa ba sai kin ce."

Na dubi fendar. Tun da aka lulluɓe motar ban bar kowa ya taɓa wurin ba. Na ce, "A cire."

Ya tuɓe rigarsa ta sama ya miƙa wa ƙanena. Ya kwanta a ƙasan lungun a gaban motar, ya ja jiki da kafaɗa har kansa ya shige bayan taya, ƙafar mai ciwo a miƙe don ba ta lanƙwasuwa. Ƙanena ya tsuguna yana haska masa da fitilar wayar salula. Na ji ƙarar sufana ta kama noti. Na jira ƙarar guduma, ban ji ba.

Can sai hannunsa ya fito, ya ajiye noti a kan siminti. Sabo ne, baƙi ƙirin da giris. Ya ajiye na biyu kusa da shi.

"Malama," ya ce daga ciki, "yaron nan ya shafa wa kowanne giris kafin ya ɗaura. Da yatsa ma suna juyawa."

Na tsura wa notocin ido.

Na can ciki kusa da ƙofa su suka ba shi wahala, ba don tsatsa ba, don hannu ba ya kaiwa. Ya fito ya huta, ya sha ruwa, ya koma. Shugaban magina ya zo ya tsaya a kansa yana duba agogo, daga baya shi ma ya tsuguna yana cewa a gwada ta sama. Da na ƙarshe ya fita, Sai-a-Hankali da ƙanena suka zare fendar a tsaye, a hankali, ta tsakanin ƙarfen da fitila. Tela ya fito da wani tsohon bargo da yake rufe keke da shi, aka naɗe ta, aka miƙo mini. Ba ta da nauyin da na zata.

Waya ta sake ɗaurewa. Motar ta wuce tagar da tayar hagu tsirara, ƙarfen kejin na bin jikin ƙofa ba tare da ya taɓa ba. Da hancinta ya fito hasken titi, 'yan hayar da ke baya suka yi ta sowa, matar kwandon ta wuce mu tana mita. Rediyo ya fito yana dafe da ƙugu yana cewa a rubuta a goshin janwe cewa shi ma ya sha wahala. Aka karkato da bayan janwen, motar ta hau, aka ɗaure tayoyin huɗu da ɗamara, ba a sa ƙarfe a jikinta ba.

Na zauna a gaba, fendar a kan cinyata. Tafiyar ba ta da labari. Ya bi gefen hanya, yana kauce wa ramuka, masu babur na yi masa oda suna wucewa.

A gida ya ƙi sauke ta inda ƙanena ya nuna, ya ce wurin gangare ne, ruwa zai taru a ƙarƙashi. Sai da muka janye tukwanen fure daga ƙarƙashin rumfa. Ya sauke ta, ya sa duwatsu a gaba da bayan taya, ya ce kada a ƙara ja mata birkin hannu. Sannan ya sake kwanciya ya mayar da fendar, Rediyo na riƙe da ita, shi kuma yana daidaita bakinta da ƙofa har layin ya zama ɗaya.

Na ba shi kuɗinsa, na ce aikin ya wuce abin da muka yi magana, zan ƙara. Ya ce ya riga ya faɗa ba ya ƙari, amma in ina so in aika wa tela wani abu, don bargonsa ya sha giris. Ya goge hannu, ya dubi motar.

"Kin san ni kaiwa nake yi, Malama. Ba na tayarwa."

Na ce, "Na sani. Isowarta nake nema."

"To ta iso."

Ya hau janwensa da ƙafa mai lafiya tukuna, sannan ya jawo ɗayar da hannu. Rediyo na ta ba shi labarin abin da zai gaya wa yayarsa, suka fita daga layin a hankali.